Wasiƙa Ga Masu Gyaran Jiragen Faiba

Iyayen gidana masu gyaran jirgi da inji, daga Yawuri zuwa Lakwaja.

Ku ake nema idan magidanci ya tsaya tsakanin ƙananan jiragen faiba biyu, ya rasa wanda zai saya wa iyalinsa. Ina roƙonku, kafin ku taɓa inji, ku tambaye shi ruwan da zai riƙa shiga, kuma da mutum nawa.

A ce ga mai shimfiɗaɗɗen gindi irin na Carolina Skiff, ga mai gindi mai tsini, kowanne ƙafa 16. Na farko ba ya tangaɗi in yana tsaye, yana shiga ruwa mara zurfi, ƙaramin inji ma ya ishe shi. Amma bari iska ta taso a Kainji, tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 100, sai gindin ya riƙa dukan igiyar ruwa har tsohuwar gida ta ji a ƙugu. Mai tsini yana tsaga igiya, sai dai ya fi shan mai, kuma yakan karkata in yara suka taru gefe guda. Ni dai ga babban ruwa, mai tsini nake ba da shawara.

Inda aikinku ya fi nauyi shi ne jirgin da aka taɓa amfani da shi. Faiba ba ta ruɓewa, amma katakon da aka binne a cikinta yana ruɓewa, fenti kuwa na sheƙi a sama. Ku ɗaga injin, ku danna ƙafarsa da ƙarfi. In bangon baya ya motsa, cikinsa ya lalace. Ku ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, ku saurari inda sauti ya mutu, sannan ku taka daɓen jirgin ko'ina. Sai soson cikin jikin jirgin, wanda shi ya ɗaukaka sunan kamfanin Boston Whaler: a 1961 mai kamfanin, Dick Fisher, ya zauna cikin jirginsa aka raba jirgin biyu da zarto, bai nutse ba. To amma tsohon soso yakan sha ruwa ta ramukan ƙusa, kuma kowace lita kilo ɗaya ce da jirgin zai yi dako kullum.

Jiragen Amurka da ba su kai ƙafa 20 ba suna zuwa da farantin da ke nuna iyakar mutane da nauyi da ƙarfin dokin inji. Ku karanta wa mai saye shi da babbar murya. Kada kunya ko la'adar dillali ta sa ku ce "ai zai ɗauka". Haɗarin jirgin ruwa na Warra a watan Mayun 2021 ya ishe mu sanin abin da lodi ke yi.

Ku sa kuɗin rigunan ruwa cikin lissafi, har da daidai jikin yara. Kuma kada a biya sai kun gwada jiragen biyu a ruwa, da nauyin da ya kai na iyalin.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka.