ZAMAN IYALI: Ku San Sunan Kowane Kuɗi Kafin Ku Kama Haya

A wannan wata za mu yi magana a kan haya, gama yawancin iyalan da aiki ya kai su Kaduna, ko Jos, ko Kano, ko Abuja, a gidan wani suke zaune. Sau da yawa rigimar mai gida da ɗan haya takan faro tun ranar biya, domin mutum ya miƙa kuɗi bai tambayi sunansu ba. Ga waɗansu kalmomi da ya kamata maigida da uwargida su sani.

Dillali shi ne mai nuna maka gida. Ladansa shi ake kira la'ada, galibi kashi 10 cikin 100 na hayar shekara. La'ada ba ta dawowa, kuma ba ta cikin kuɗin haya. Kada ka ba dillali hayar gida sai ka tabbata mai gidan ya wakilta shi, don an sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya.

Kafin alƙalami shi ne ɗan abin da kake bayarwa don a riƙe maka ɗakin. Ka tambaya tun da wuri, in ka fasa, za a mayar maka ko kuwa ya tafi ke nan?

Kuɗin ajiya kuwa daban ne. Mai gida yakan riƙe su saboda ɓarna. Naka ne, kuma ranar da za ka tashi a mayar maka, sai dai a cire na abin da ka lalata. Saboda haka kafin ka shigo da kaya, ku zaga tare da mai gida, ku rubuta tagar da ta fashe da rufin da ke yoyo, kada a ɗora maka laifin wanda ya riga ka.

Ka lura kuma da irin wurin. Ciki da falo a gidan haɗaka, kuna tarayya da maƙwabta a bayan gida da madafi da mitar wuta. Falat kuwa kome naku ne. A gidan haɗaka ka tambayi yadda ake raba kuɗin wuta da na ruwa da na kwashe shara, gama nan ne faɗan maƙwabta ya fi tashi.

Yarjejeniya ita ce takardar da ku biyu za ku sa wa hannu gaban shaidu. A ciki a rubuta ranar da haya ta fara, da ranar ƙarewarta, da wanda gyara yake wuyansa. Rasit kuma shi ne shaidar biya. Ko mai gidan ɗan'uwanka ne, ko tare kuke sujada, ka karɓi rasit. Wannan ba rashin amana ba ne, kiyaye zumunci ne.

Ta ƙarshe ita ce notis, wato takardar a tashi. A dokar Abuja da ta jihohi da yawa, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biya wata-wata a ba shi wata 1, mai biya shekara-shekara kuwa wata 6. In wa'adin ya cika, sai a ƙara masa takardar kwana 7 kafin a kai ƙara. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Mai gida ba shi da izinin watsar da kayanka, ko cire ƙofa, ko kware rufi.

Amma kai ma ɗan haya, ka biya a kan kari, ka riƙe gidan mutane kamar naka. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.