Ciwon suga a Suleja: Ba taurin kai ne ke hana shan magani ba

Idan mai ciwon suga ya koma asibiti da gyambo a ƙafa ko ganinsa ya fara dushewa, zargin farko shi ne ya yi sakaci da magani. Wannan hukunci ba shi da wuyar yankewa, amma a unguwa irin Magajiya da ke Suleja, inda magidanta da dama sai sun fita suke samun na cefane, akwai rashin adalci a cikinsa.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a Nuwamban 2024 ya nuna cewa manya sama da miliyan 800 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma kashi 59 cikin ɗari na masu shekara 30 zuwa sama ba sa kan magani. Mafi yawansu suna ƙasashe irin tamu.

Ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a huta. Ɗawainiya ce ta tsawon rai. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, sai majinyaci ya koma raba ƙwayar metformin biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe. Mai allurar insulin kuwa wahalarsa biyu ce: ga tsada, ga buƙatar firiji a garin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama. Wasu a gindin randa suke ajiye ta. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne cutar tana ɓarna a ɓoye. Mutum zai ji garau alhali ƙodarsa tana lalacewa, ga mai maganin gargajiya a tasha yana shelar waraka cikin mako guda da lasifika. Wa zai ƙi sauraronsa?

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, Jihar Neja kuma tana da shirinta na NiCare. Ya kamata a auna nasararsu da tambaya guda: shin ɗan tireda a Magajiya zai iya karɓar maganin wata guda, a kuma gwada masa suga, a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsa? Tun 2022 gwamnatin tarayya ke karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba. Nan ya dace kuɗin su tafi, a sayi insulin da tsinken gwaji.