Wanda ya rasa aiki kada ya rasa ɗaki

Jaridar nan na ganin lokaci ya yi da Najeriya za ta kafa dokar tallafin rashin aikin yi wadda za ta haɗa da kuɗin haya. Abin da ake da shi yanzu bai taka kara ya karya ba. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda aka sallama ya ciri kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa, amma sai ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, kuma guminsa ne yake ci tun kafin tsufa. Yawancin 'yan tireda da masu ɗinki ko wannan ba su da shi. Naira 25,000 a kowane wata har wata uku da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a 2023 kuwa, ko ta iso hannu, a cefane take ƙarewa, ga mai gida yana tsaye a ƙofa yana neman kuɗin shekara cur a dunƙule.

Legas ta gwada magance matsalar haya tun 2011, ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya, sai dai dillalai sun san hanyar zagaye dokar. Ya kamata Majalisar Tarayya ta fito da asusun da ma'aikaci da mai ɗaukar aiki za su riƙa zubawa, a biya wanda ya rasa aiki na wata shida. Jihohi irin su Kano da Kaduna kuma su ba ɗan haya damar biya wata-wata, su hana a fitar da kayan kowa waje sai da umarnin kotu.