Ba a saita bindiga ranar arangama

Duk wanda ya bi ta Kawo ya san unguwa ce ta soja. Nan hedikwatar Runduna ta Ɗaya take, kuma a wannan yanki tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshi ta NDA, wadda aka kafa a 1964, yake. Sai dai idan ana zancen tsaro, abin da aka fi tambaya shi ne yawan makaman da aka sayo. Ba a cika tambayar ko an saita su ba.

Madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga ba ya zuwa a saice. Ido yana gani ne a miƙe, shi kuwa harsashi da zarar ya bar bakin bindiga nauyinsa zai fara rinjayarsa ƙasa. Saiti shi ne haɗa waɗannan hanyoyi biyu a wani nisa da aka zaɓa, galibi mita 100. Akan ɗaure madubin tamau, a kafa bindigar a kan buhun yashi, a harba uku zuwa biyar, a duba tsakiyar inda suka taru, sannan a murɗa maɓallan madubin. A wasu maduban soja, murɗawa ɗaya tana gusar da harsashi santimita ɗaya a mita 100.

Nisa yana ninka kuskure. Kaucewar santimita 4 a mita 100 takan zama santimita 20 a mita 500, wato kusan taƙi guda. A wannan nisa, harsashi mai kaurin milimita 7.62 yakan sauka fiye da mita ɗaya ƙasa da inda aka auna, in ba a gyara ba. Saitin kuma ba ya dawwama: gargadar hanya, sauyin samfurin harsashi, zafin bazara da sanyin hunturu duk suna taɓa shi.

A dajin da masu garkuwa ke fakewa a bayan waɗanda suka sace, taƙi guda ya isa ya raba ɗan bindiga da wanda aka je ceta.

Za a iya cewa harsashi yana da tsada, kuma fagen daga ya fi filin gwaji buƙatarsa. Amma harsasai ashirin da aka ƙona a kan allo sun fi araha a kan ɗaya da ya sami wanda bai ji ba bai gani ba. Ya kamata 'yan majalisar da ke duba kasafin tsaro su riƙa tambayar harsashi nawa aka ware wa atisaye, da kuma sau nawa maharbi ke komawa filin gwaji a shekara. Madubi mai tsada wanda ba a saita ba ado ne kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.