Riesz ɗin da muke haddacewa ba mu san shi ba

'Yan ajin ƙarshe na sashen lissafi, ku zo mu yi magana. Jiya a ɗakin karatu na tarar da wani ƙanena yana haddace hujjar tiyorem ɗin Riesz kamar mai tilawa. Na tambaye shi wace matsala tiyorem ɗin ya zo warwarewa, sai ya ce, "Yaya, ni dai kada in samu kariyoba." Wallahi ban ga laifinsa ba, haka aka koya mana.

Frigyes Riesz ɗan ƙasar Hangari ne, an haife shi a garin Győr a 1880, ya rasu a 1956. Sunan ma "Ris" ake faɗa, mu kuwa shekara huɗu muna ta "Riyez". A 1907 shi da Ernst Fischer, kowa daban, suka nuna cewa idan aka ba ka jerin lambobi marasa iyaka, ka ninka kowace da kanta, jimillar ba ta wuce iyaka ba, to lallai akwai fankshin da waɗannan lambobin su ne lambobinsa na Fourier. Wato fankshin da jerin lambobi abu ɗaya ne a riga biyu. Kusan shekara ashirin bayan haka, wannan ne ya taimaka aka gane cewa lissafin Heisenberg da na Schrödinger a kimiyyar ƙwayar zarra magana ɗaya suke yi. Wa ya taɓa faɗa mana haka a lakca?

Ni a ganina malamanmu suna tauye mu a nan. Minti goma kacal ya isa a faɗi tambayar kafin a cika allo da amsa. Za a ce lokaci ya yi kaɗan, aji ya cika, ba littattafai. Gaskiya ne. Amma shi ma Riesz bai samu komai a shirye ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya birnin Kolozsvár da yake koyarwa ya koma hannun Romaniya, jami'ar ta yi ƙaura zuwa Szeged. Can shi da Alfréd Haar suka kafa mujallar Acta Scientiarum Mathematicarum a 1922, kuma har yau tana fitowa.

Asabar mai zuwa bayan la'asar zan zauna da duk mai so, mu bi wannan tiyorem daga tambayarsa. Ku zo da biro da takarda, a bar tsofaffin tambayoyin jarrabawa a hostel.