Na'urar Kwaikwayon Sauti Ta Iso Hausari: Wa Zai Saka Muryar Kalangu A Cikinta?

Duk wanda ya halarci biki a Hausari, ko a wata unguwa ta garin Potiskum, a 'yan shekarun nan, ya san yadda filin kiɗa ya koma. Akwai janareto a bayan rumfa, da manyan lasifika biyu ko huɗu, da saurayi ɗaya a gaban kwamfuta ko fiyano. Mata na rawa, ana liƙi, kunne na jin amon kalangu, amma ido ba ya ganin makaɗi ko ɗaya da kalangu a hammata. A majami'u da wuraren casu inda ake kaɗa jita ma, tsohon akwatin ƙara sauti mai nauyin buhun gero ya fara ba da wuri ga na'urori ƙanana da makaɗi ke takawa da ƙafa, ko manhajar da ke cikin kwamfuta. Wannan sauyi ya cancanci kulawar waɗanda ke zaune a ofisoshin Abuja, domin a kan teburansu ne takardun da za su yanke makomarsa suke.

Jitar lantarki ba ta da murya sai an haɗa ta da amfilifaya. Shekaru da dama, sautin da duniya ta sani na manyan makaɗan jita yana fitowa ne daga amfilifaya masu ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, waɗanda kamfanoni kamar Fender na Amurka da Marshall da Vox na Ingila suka ƙera. Ƙwan yana ɗaukar zafi, idan aka matsa masa sai sautin ya yi kauri da ɗan gurnani, kuma wannan gurnanin ne makaɗa ke so. A 1998 kamfanin Line 6 ya fitar da wata 'yar na'ura ja mai siffar ƙwayar wake, mai suna POD, wadda ke kwaikwayon waɗannan amfilifaya ta hanyar lissafin kwamfuta. Fractal Audio ya biyo baya da Axe-Fx a 2006. A 2011 kamfanin Kemper na Jamus ya zo da wata dabara ta daban: na'urarsa na aika wasu sautuka na gwaji cikin amfilifaya ta gaske, ta saurari abin da ya fito ta makirufo, cikin ɗan lokaci ta haddace halinta. A 2021 kamfanin Neural DSP na ƙasar Finlan ya fitar da Quad Cortex, wadda ke yin wannan hadda da ƙirƙirarriyar basira. Yau har akwai manhajar kyauta mai suna Neural Amp Modeler da kowa zai iya saukewa daga intanet. Manyan ƙungiyoyin kiɗa irin su Metallica sun daɗe suna hawa dandamali da irin waɗannan na'urori.

Ga makaɗin da ke Potiskum, amfanin wannan fasaha a fili yake. Amfilifaya irin Fender Twin Reverb ta kusa kilo 30, alhali Quad Cortex ba ta wuce kilo biyu ba, ana iya saka ta cikin jaka a hau a-daidaita-sahu. Ƙwan gilashi ba ya son girgizar hanya, ba ya son ƙurar hunturu, ba ya kuma son zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a wannan yanki. Wutar janareto da ke hawa tana sauka na iya ƙona shi. Idan ya ƙone, samun madadinsa aiki ne, domin masana'antun da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da Rasha ta taƙaita fitar da kayayyaki a Maris na 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, makaɗan Amurka da Turai kansu sun shiga rububin neman ƙwan, farashi ya tashi. Ƙaramar na'ura kuwa wuta kaɗan take ci, batirin sola ya ishe ta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da janareto ya sha daga ribar mai situdiyo take fita. Wanda ya ce a guji wannan fasaha don kishin tsohon sauti bai taɓa biyan kuɗin mai daga aljihunsa ba.

Tarihin yankin nan ma ya nuna cewa na'ura ba abokiyar gabar makaɗi ba ce. Mdou Moctar, Buzu ɗan Jamhuriyar Nijar wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Ya yi amfani da gangar kwamfuta da manhajar gyaran murya, irin waɗanda mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da su a lokacin. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta katin ajiya, har suka shiga wani kundi da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Yau yana cikin makaɗan jita da ake ji da su a duniya. Ƙaramin situdiyo a Sakkwato ne ya buɗe masa ƙofa, kuma abin da ya shiga da shi ta ƙofar nasa ne: harshen Tamashek da salon kiɗan Buzaye.

A nan ne matsalar take. Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin na'urorin nan zai tarar da jerin sautuka masu yawa, kowanne yana kwaikwayon wata amfilifaya da aka ƙera a Landan ko Kalifoniya ko makamantansu. Haka manhajojin haɗa kiɗa suke cike da ganguna da goge-gogen Turai. Na'ura abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa. Yaron da ya koyi haɗa kiɗa a Hausari zai zaɓa ne daga abin da ya tarar, kunnensa kuma zai saba da shi har ya ɗauka haka kiɗa yake.

An taɓa ganin irin wannan a Kano. Daga tsakiyar shekarun 1990, da harkar finafinan Hausa ta bunƙasa, fiyanon Yamaha ta zama uwar kiɗa a situdiyo. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda matasa suka riƙa laluben sautukan da ke cikin fiyanon, suna zaɓar waɗanda suka yi kama da kayan kiɗan gida. Sun yi ƙoƙari, kuma fim irin Sangaya ya nuna cewa jama'a sun karɓa. Sai dai sautin da injiniyoyin Japan suka ɗauka daga kayan kiɗan wasu ƙasashe kama kawai ya yi da na gida. Kalangu na magana ne saboda makaɗi yana matse tsirkiya da hammata yana sassautawa, murya na hawa tana sauka kamar yadda karin harshen Hausa ke yi. Maɓallin fiyano bai san wannan ba. Sannu a hankali mutum ɗaya ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa, aka daina kiran gidajen kiɗa na gado zuwa biki, 'ya'yansu suka kama wasu sana'o'i. Zanen aro ba ya rufe katara, amma shi aka ɗaura har tsawon shekaru kusan talatin.

Bambancin yau da wancan lokaci shi ne fasahar ta iya sauraro. Gaskiya ne cewa na'urar Kemper da 'yan'uwanta halin amfilifaya suke haddacewa, ba su haddace kalangu kai tsaye. Amma danginsu a situdiyo, wato manhajojin da ke ɗaukar sautin kayan kiɗa bugu-bugu su mayar da shi abin da za a iya kaɗawa, da waɗanda ke auna amon ƙwarya ko na ɗaki, sun yi arha sun kuma yi sauƙi. Da makirufo mai kyau, da ɗaki marar hayaniya, da gwanin makaɗi, ana iya ajiye muryar kotso da taushi da goge da kukuma da garaya da algaita da kakaki, kowanne da hawa da saukarsa. Potiskum wuri ne da ya dace da irin wannan aiki, domin gari ne da Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Barebari da Hausawa suka haɗu, ga fadar Fika, ga fadar Pataskum, kowace da makaɗanta.

Lokaci kuwa ba ya jira. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu na nan a faifai, amma faifan waƙa ya haɗa murya da amshi da kiɗa wuri ɗaya, mai haɗa kiɗa ba zai iya zare kuntigin Ɗan Maraya shi kaɗai ya yi sabon aiki da shi yadda ya kamata ba. Gwanayen da suka rage a raye su ne dama ta ƙarshe. Idan hukumomin ƙasar nan ba su yi wannan aiki ba, wani zai yi. Ba wuya ɗan kasuwa ya zo da na'urar naɗi, ya ba tsohon makaɗi abin goro, ya tafi ya sayar da sautin a intanet da dala. Ranar nan jikan makaɗin zai sayi bugun kakansa da katin banki, a kan farashin canji na ranar.

Za a iya cewa a lokacin da jama'a ke fama da tsadar abinci, kashe kuɗin gwamnati a kan kalangu almubazzaranci ne. Wannan magana na da nauyi, amma amsarta ita ce kuɗin da hukumomin duk suna nan. A Maris na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 600, tare da Bankin Raya Afirka da wasu abokan hulɗa, domin matasa masu sana'o'in fasahar zamani da ƙirƙira. A Agusta na wannan shekarar aka kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, ƙarƙashin Hannatu Musa Musawa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris na 2023, ta tanadi kariya ga masu gabatar da wasa da kuma kayan al'adun gargajiya. Abin da ya rage shi ne jami'in da zai rubuta takardar da ta haɗa waɗannan abubuwa wuri guda.

Abubuwa uku ne ya kamata takardar ta ƙunsa. Na farko, Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, tare da hukumomin al'adu na jihohi da sassan nazarin harsuna na jami'o'i, ta kafa rumbun sautukan kayan kiɗan gargajiya. A je wa gwanaye har garuruwansu, a biya su kuɗin aiki na mutunci, a rubuta sunan kowane makaɗi a kan sautinsa, sannan a ba ƙananan situdiyo na cikin gida dama su yi amfani da shi kyauta ko a farashi mai rahusa.

Na biyu, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta fito da ƙa'ida bayyananna, cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a kan naɗar sautin makaɗi da sayar da shi: wa ke ba da izini, wane kaso ke komawa ga makaɗin ko magadansa, ina ake kai ƙara. Makaɗin fada da bai iya Turanci ba ba zai karanta doka mai sassa sama da ɗari ba, amma zai fahimci takarda mai shafi ɗaya da aka karanta masa a gaban shaidu.

Na uku ya shafi gyara. Potiskum gari ne na manyan motoci, kuma makanikansa sun shahara wajen raya tsohuwar mota da wasu suka fid da rai da ita. Tsohuwar amfilifaya ma haka take, mai gyaran rediyo da dalmarsa zai tashe ta. Sabuwar na'ura kuwa allo ne a rufe, idan ya ƙone sai a jefar, ko a aika Legas a jira. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke cikin garin na iya buɗe gajeren kwas na gyaran kayan sauti na zamani da aikin situdiyo, idan hukumomin da ke kula da ita a Abuja suka amince, kuma aka ware wani ɓangare na kuɗin horar da matasa domin garuruwan da ke nesa da Legas da Abuja.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar hukuma ko sabon gini. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma matasan Hausari sun riga sun sauya tasu ba tare da jiran kowa ba. Za su ci gaba da sayen na'urori, sababbi ko na hannu, su ci gaba da cika rumfunan biki da sauti. Abin da ba za su iya yi su kaɗai ba shi ne tattara gwanayen da suka rage da kare haƙƙinsu a gaban doka. Wannan aikin gwamnati ne, kuma duk kasafin kuɗin shekarar da ya wuce ba a saka shi ba, akwai tsohon makaɗin da ba za a same shi a na gaba ba.