Kuturta ba gadon gida ba ce, amma gidan ya kamata a fara dubawa

A Gamboru da ke Maiduguri, kamar a unguwanni da dama na Arewa, binciken aure kan tsaya cak da zarar an ji cewa kakan yarinya ya taɓa jinya a Molai, inda asibitin kutare yake. Sai a ce cutar a jininsu take. Wannan hukunci zalunci ne, ko da yake akwai ɗan guntun gaskiya a cikinsa.

Ƙwayar cuta ce ke haddasa kuturta, wadda likitan Norway, Armauer Hansen, ya gano a 1873, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na mutane garkuwar jikinsu na murƙushe ta. Abin da ake gada shi ne raunin garkuwar. A 2009 masu bincike a Sin sun danganta sauyi a ƙwayar gado mai suna NOD2 da saurin kamuwa da kuturta. Haka ma a 2013 an bayyana wasu iyalai a Aljeriya, Tunisiya da Maroko masu nakasa a ƙwayar CARD9, inda makero, wanda kan tsaya a saman fata, yake kutsawa cikin jiki har ya kashe.

Ma'anar wannan ga ma'aikatar lafiya ta tarayya a fili take. Idan 'yan gida ɗaya sun yi tarayya a rauni, sannan suna kwana ɗaki ɗaya, su ne farkon waɗanda za a bincika. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba makusantan majinyaci rifampicin sau ɗaya don rigakafi. Cutar kan ɓuya shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kafin ta fito. Jiran majinyaci ya kawo kansa jiran nakasa ne.

Sai dai bincike ba ya amfani idan babu magani. Najeriya ta sanar da kawar da kuturta a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 1998, amma ta shafe kusan shekara guda ba tare da maganin da ake bayarwa kyauta ba, saboda tsaikon sharuɗɗan gwaji, har zuwa Maris 2025. A teburorin Abuja aka yi wannan jinkiri, kuma jijiyar da ta mutu a hannun majinyaci a watannin nan ba ta dawowa.